Kafin a sake ba karen gida "deksa" saboda susa

Na san wasu za su ga kanun yau su ce, ita kuma wannan me ya kai ta maganar kare a shafin lafiyar iyali? Ku ɗan yi mini uzuri. A unguwannin da muke zaune yanzu, a Abuja ne ko Jos ko Kaduna ko Legas, gidaje da yawa sun ajiye kare saboda tsaro, wasu ma sun zuba kuɗi masu kauri sun sayi irin na ƙasashen waje. Karen nan a harabar da yaranmu ke wasa yake kwana, kuma sau da yawa maganin da ake ba shi daga kantin da muke sayen namu ake sayo shi.

Watannin baya wani dattijo maigadi ya shigo kantinmu da yamma, ya miƙo fankon katin magani, ya ce a ba shi irinsa guda biyar. Deksametason ne, wanda aka fi sani da deksa. Yarinyar da ke taya ni sayarwa har ta juya za ta ɗauko, sai na tsayar da ita.

Na ce, "Baba, wane ne ba shi da lafiya?"

Ya ce, "Likita, ai ba mutum ba ne, karen gidanmu ne. Susa ta hana shi sakat, har ya yi wa kunnensa rauni. Wani mai kemis ya ce a gwada wannan, kwana biyu kacal ya daina. To amma da an tsaya sai ta dawo, har ta fi ta da."

Na tambaye shi tun yaushe ake ba shi, ya ce wata huɗu ke nan, ƙwaya huɗu da safe huɗu da dare, a tura a cikin kifi. Na ce yana shan ruwa da yawa? Ya yi dariya ya ce kamar raƙumi, ga fitsari ko'ina, har a gindin tayar motar Alhaji. Ya ƙara da cewa karen ya yi tumbi, Hajiya ma cewa take yi maganin ya karɓe shi.

Abin da ya fi ɓata mini rai a ranar shi ne da na bincika na gano sau biyu a kantinmu aka sayar masa lokacin ba na nan, ba wanda ya tambaye shi komai. Maganin nan bisa ƙa'ida sai da takardar likita ake bayar da shi, amma kowa ya san yadda ake sayar da shi kamar alawa, kuma ga shi mu ma ba mu tsira ba. Na hana Baba kati biyar ɗin. Amma kuma na ja masa kunne cewa kada ya kuskura ya daina ba karen a daren nan. Na kira wata likitar dabbobi da na sani a waya, ta faɗi abin da za a ba shi zuwa wayewar gari, aka yi alƙawarin kai shi da safe. Dalilin da ya sa na hana kuma na ce kada a daina, za mu zo kansa.

Deksametason da firednisolon da betametason duk 'yan gida ɗaya ne, ana kiransu sitiroid. Hanya mai sauƙi ta gane su a jikin kwali ita ce a duba ƙarshen sunan da aka rubuta da Turanci, mafi yawansu da "sone" ko "lone" suke ƙarewa. Dukkansu kwaikwayo ne na wani sinadari mai suna kotisol da jiki ke yi da kansa. Wasu 'yan ƙananan halittu biyu da ke kusa da ƙoda, waɗanda ake kira adirinal, su ne ke fitar da shi a jikin mutum da na kare. Aikinsa ya shafi yawan suga a jini, da ƙarfin gudun jini, da yadda jiki ke jure wahala, da kuma kwantar da garkuwar jiki idan ta harzuƙa.

Kada a fahimce ni a baibai, ba maganin banza ba ne. A 1948 aka fara gwada irinsa a asibitin Mayo da ke Amurka, kan wata matashiya da ciwon gaɓoɓi ya kwantar, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. A 1950 likitan da ya yi gwajin, Philip Hench, da wasu masana biyu suka samu lambar Nobel a kansa. Ko a watan Yunin 2020, masu bincike a Jami'ar Oxford ta Ingila sun bayyana cewa deksan nan mai arha ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu korona da aka jona wa na'urar numfashi. Sai dai tun a kan marasa lafiyar farko likitoci suka ga cewa saurin aikinsa yana tafe da farashi idan aka daɗe a kansa.

A wajen kare mai ƙaiƙayi, abin da sitiroid ke yi shi ne ya kashe kumburi da zafin fata, ya kashe jin ƙaiƙayin. Ba ya kashe ƙuma, ba ya kashe ƙazuwa, ba ya canza abincin da jikin karen ya ƙi. Kamar karenka ne ya yi ta haushi da tsakar dare, maimakon ka leƙa ka ga abin da ya shigo, sai ka ɗaure masa baki ka koma barci. Shi ya sa da an tsaya susar ke dawowa, kuma shi ya sa mai kare yake komawa kemis.

Illolin farko ba sa ɓata lokaci, cikin kwana biyu ko uku ake ganinsu a yawancin karnuka. Ƙishirwa ce kan gaba, sai yawan fitsari. Lafiyayyen kare mai nauyin kilo 30 yakan sha kimanin lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, wato ledar fiyo wata uku zuwa huɗu, ya ɗan ƙara idan ana zafi. Idan ya kai yana shanye sama da lita uku kullum, abin ya wuce misali. Karen da bai taɓa ɓata ɗakinsa ba sai a wayi gari ya jiƙa shi. A nan mutane kan yi kuskure biyu: su doke shi, ko su rage masa ruwa don fitsarin ya ragu. Duka biyun zalunci ne. Maganin ne ke sa ƙodarsa zubar da ruwa, shan da yake yi mayar da abin da ya zuba ne, idan aka hana shi jikinsa zai bushe. A bar masa ruwa a kowane lokaci, a yawaita kwance shi ya fita.

Sai yunwa. Kare kan sitiroid ba ya ƙoshi, zai tona bola, ya ɗauke abin da aka shanya, ya bi yaro mai biskit a hannu. Sai haki, ka gan shi kwance a inuwa harshe a waje alhali bai yi gudu ba. Wasu kuma halinsu kan canza, su zama masu saurin firgita ko saurin fushi, musamman a kan kwanon abinci. Iyaye mata, wannan naku ne. Karen da ya saba da yara har suna jan jelarsa, idan yana kan maganin nan kada a bar ƙaramin yaro ya matso shi lokacin da yake cin abinci, kuma kada a aiki yaro ya kai masa kwano.

Akwai illa guda da ke iya kashe kare cikin 'yan kwanaki, kuma mu ne ke jawo ta da hannunmu. Sitiroid yana raunana kariyar da ke lulluɓe bangon ciki. Idan aka haɗa shi da magungunan ciwon jiki irin namu, dikulofenak ko ibufurofen ko firoksikam, gyambon ciki na iya ɓullowa har ya huda hanji. Waɗannan ko su kaɗai haɗari ne ga kare, balle an gwama su. Na sha jin an ce kare yana ɗingishi, an ba shi "na ciwon jiki" a kan deksan da yake sha. Idan kuka ga kashinsa ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, ko yana amai da jini ko da wani abu kamar garin kofi, ko dasashinsa ya yi fari, wannan ba na jiran gobe ba ne.

Waɗancan ana ganinsu da ido. Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne masu zuwa a hankali, bayan makonni da watanni, don su ne ake yi wa kallon alheri. Tumbin da Hajiya ta gani ta ce magani ya karɓi kare, ba ƙibar lafiya ba ce. Hanta ce ta kumbura, kitse ya taru a ciki, tsokar da ke riƙe cikin kuma ta saki. Ku shafa bayan irin wannan kare da cinyoyinsa za ku ji ƙashi, saman kansa ma ya faɗa. Maganin yana cinye tsoka ne yana mayar da ita suga. Karen da ke tsallake kwata da gudu sai ya koma da ƙyar yake tashi. Gashi ya riƙa zuba a gefe da gefe daidai wa daida, fatar ciki ta yi siriri har ana ganin jijiyoyi, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. A wasu karnukan har wani abu mai tauri kamar alli kan fito a cikin fatar wuya da baya. Likitoci na kiran wannan tarin alamomi da ciwon Kushin, sunan wani likitan Amurka, Harvey Cushing, da ya fara bayyana shi a jikin mutane. Akwai wanda ke zuwa da kansa, akwai wanda magani ke jawowa, kuma na biyun ne muke ƙirƙira a gidajenmu. Karen da dama yana dab da ciwon suga, sitiroid na iya ƙarasa tura shi. Karya mai ciki kuma tana iya yin ɓari, musamman da deksa, abin da masu kiwon karnuka don sayar da 'ya'ya ya kamata su riƙe.

Sannan ga batun garkuwar jiki, wanda a nan ne ake gudun gara a faɗa gidan zago. A ramin gashin kusan kowane kare akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, ana kiransu demodes. Garkuwar jiki ce ke hana su yawa. Idan sitiroid ya danne ta sai su hayayyafa, gashi ya zube a fuska da ƙafafu, fata ta yi ja ta fara ruwa. Haka ƙwayoyin cuta ke samun sarari su yi ƙuraje masu mugunya, kunne ya riƙa wari, makero ya bazu. Mai kare ya ga fata ta ƙara lalacewa, sai ya ce ciwon ne ya yi ƙarfi, ya ƙara yawan ƙwaya. Ana magani kai na kaba. Ciwon mafitsara ma yakan shiga ba tare da wata alama ba, domin maganin ya rufe zafin da zai sa a gane, shi ya sa likitoci ke son a riƙa gwada fitsarin duk karen da ya daɗe a kansa. Ga kuma cututtukan jini da kaska ke sa wa karnuka, waɗanda suka yi yawa a ƙasar nan. Karen da aka danne wa garkuwa ba ya iya yaƙarsu yadda ya kamata, kuma zazzaɓin da zai fallasa su maganin na iya ɓoye shi.

Yanzu mu koma kan abin da ya sa na ce wa Baba kada ya daina. Idan jiki ya ga kotisol na shigowa daga waje kullum, sai 'yan halittun nan na kusa da ƙoda su daina aiki, har su motse. Bayan mako biyu zuwa uku ana sha kullum, an fara shiga wannan hali. Ranar da aka yanke maganin farat ɗaya, na waje ya tsaya, na ciki bai farka ba. Kare zai yi laƙwas, ya ƙi abinci, ya yi amai da gudawa, jiki na rawa, wani ya faɗi ya kasa tashi, wani ya mutu. Saboda haka duk wanda ya karanta wannan shafi ya tsorata, kada tsoron ya sa ya watsar da ƙwayoyin yau. Ragewa ake yi a hankali, mataki mataki, a kan tsarin da likitan dabbobi zai rubuta, kuma ga karen da ya yi watanni yana sha ragewar kanta na iya ɗaukar makonni da dama. Wannan doka haka take ga mutum.

A matsayina na mai harhaɗa magunguna, ina da ƙorafi na musamman a kan deksa. Ƙwayarsa ƙarama ce, rabin miligiram, sai mutum ya raina ta. Amma ƙarfinsa ya ninka na firednisolon kusan sau bakwai. Ƙwaya takwas da Baba ke bayarwa a rana miligiram 4 ke nan, daidai da kimanin miligiram 27 na firednisolon. Ga kare mai kilo 30, wannan adadi ne da likita zai iya farawa da shi na 'yan kwanaki kafin ya rage, shi kuwa an yi wata huɗu ana ɗura masa. Na biyu, aikin firednisolon yakan ƙare cikin awa 12 zuwa 36, shi ya sa ake iya ba kare yau a tsallake gobe, jikinsa ya samu ranar da zai yi nasa kotisol ɗin. Deksa kuwa yana kaiwa awa 36 zuwa 72 yana aiki, ko an tsallake rana jiki bai huta ba. Don haka a ciwon fata mai daɗewa, shi ne zaɓi mafi muni, kuma shi ne aka fi saya don ya fi arha.

Haka allurar nan mai dogon zango da wasu masu yawo gida gida da jaka ke yi wa karnuka, su ce guda ɗaya ta isa wata. Gaskiya ne takan yi makonni a jiki, kuma matsalarta ke nan. Ƙwaya idan ta kawo illa ana iya rage ta gobe, allurar da ta shiga tsoka kuwa ba mai zaro ta. Duk wanda zai yi wa karenku allura, ku tambaye shi sunanta, ku ga kwalbar, ku rubuta ranar. Ku kuma tambaya ko likita ne mai rajista da Hukumar Likitocin Dabbobi ta Najeriya. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Man shafawa ma bai fita ba. Mayukan nan masu haɗi uku da kusan kowane gida ke da su, waɗanda ake shafa wa kowane irin ƙurji, yawancinsu akwai sitiroid mai ƙarfi a ciki. Idan aka lafta wa kare a faɗin jiki, wani ya shiga ta fata, sauran ya lashe. Wanda ke shafawa da hannu tsirara kullum shi ma yana samun rabonsa. Maganin ɗigawa a ido mai sitiroid kuwa, idan akwai ƙarzuwa a ƙwayar idon, yana iya lalata idon gaba ɗaya.

To yaushe ya dace a yi amfani da shi? Idan kare ya sosa kansa har jini, ba ya barci ba ya barin kowa ya yi, likita na iya ba shi firednisolon na ɗan lokaci, a lissafa da nauyinsa bayan an ɗora shi a sikeli, a yi kwanaki kaɗan, a rage, a koma tsallaken rana, a daina. Irin wannan gajeren amfani yawancin karnuka suna wuce shi lafiya, ƙishirwa da yunwar ma su tafi bayan an gama. Ni ban ga laifin wannan ba, barin dabba cikin azaba ma ba daidai ba ne. Sharaɗin shi ne a yi amfani da 'yan kwanakin sauƙin wajen neman abin da ya kawo ƙaiƙayin.

Kuma neman ba shi da wuya kamar yadda ake zato, wani ma a gida za a fara. Ku duba inda karen ya fi sosawa. Idan gindin jela ne da ƙarshen baya, ku fara zargin ƙuma. Ku tsayar da shi a kan farar takarda da aka ɗan jiƙa, ku taje gashin. Idan baƙin gari ya zubo ya narke ya koma ja, kashin ƙuma ne, jinin da ta sha ne. Karen da jininsa ba ya shiri da yawun ƙuma, cizo kaɗan ya isa ya hana shi barci, ko da ba ku ga ƙumar da ido ba. Mafi yawan ƙwai da 'ya'yanta kuma ba a jikinsa suke ba, suna cikin buhun da yake kwanciya da tsagogin siminti, don haka wanka kaɗai ba ya raba shi da ita.

Idan bakin kunnuwa ne da gwiwar ƙafafun gaba da ƙirji, ga ɓawo ga susa kamar zai cire fata, ƙazuwa ce ake zargi. Wannan tana kama mutane. Takan fito wa masu taɓa karen da ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ciki. Makero shi ma daga kare yakan koma kan yara. Idan kuwa kumburi ne kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya, musamman a jikin kwikwiyo da damina, wataƙila tsutsar ƙuda ce da ke shiga fata daga ƙasa mai danshin fitsari, cire ta ake yi a gyara makwanci. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da sitiroid ke warkarwa.

Sai an kawar da su duka ake maganar borin jini na gaskiya, wanda likitoci ke kira alaji. Shi yakan fara ne tun kare yana tsakanin wata shida da shekara uku, da lasar tafin ƙafa, da goga fuska, da jan hammata, da ciwon kunne mai dawowa. Wani ƙurar gida ce ke tayar masa, wani ciyawa, wani abinci, kuma naman kaza da na shanu da madara suna cikin waɗanda aka fi kamawa da laifi. Gwajin abinci haƙuri yake so: mako takwas ana ba shi abin da bai saba ci ba shi kaɗai, ba ragowar tuwo, ba ƙashin da yara za su jefa masa. Alaji irin na ƙura da ciyawa ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi har ƙarshen rayuwar karen. Gara mai kare ya ji wannan tun farko, ya daina yawon neman allurar da za ta gama da shi.

Akwai magungunan da suka rage dogaro da sitiroid. Apoquel ƙwaya ce da aka amince da ita a Amurka a 2013, tana kashe ƙaiƙayi da sauri ba tare da ƙishirwa da tumbin nan ba, sai dai ba a ba karen da bai kai shekara ɗaya ba, kuma ita ma tana taɓa garkuwar jiki. Cytopoint allura ce da ke aiki mako huɗu zuwa takwas. Akwai sikulosforin, wanda ke ɗaukar wata guda ko fiye kafin a ga amfaninsa. Ba ko'ina ake samunsu ba a nan, kuma suna da tsada, ba zan ɓoye muku ba. Amma abin da ya fi yi wa yawancin karnukanmu amfani bai kai su tsada ba: maganin ƙuma da kaska a kan lokaci, irin su NexGard na wata wata ko Bravecto na mako 12, waɗanda ke kashe ƙwarin ƙazuwa ma, da wanka da sabulun kare mai kulohesidin idan fata ta yi ƙuraje, da wanke makwanci a shanya a rana. Firiton da ake yawan tambayata, ba ya cika yin wani abin kirki a ƙaiƙayin kare, sai dai ya sa shi gyangyaɗi. Baƙin mai na mota da fiya-fiya da kananzir kuwa, don Allah a bari. Guba ne ga karen, guba ne ga yaron da zai taɓa shi.

Asibitin dabbobi bai yi nisa kamar yadda muke ɗauka ba. Jihohi suna da na gwamnati, manyan birane suna da masu zaman kansu, jami'o'i irin su ta Ahmadu Bello a Zariya da ta Ibadan da ta Maiduguri da ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato suna da asibitocin koyarwa na dabbobi, ga kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa a Vom kusa da Jos. Kankaro fata a duba a madubin likita aikin 'yan mintoci ne. Idan za ku je, ku tafi da duk fankon maganin da aka taɓa ba shi, ku faɗi gaskiyar adadi da tsawon lokaci ko da kuna jin kunya. Idan lokacin rigakafin haukan kare ya zo yana kan sitiroid, ku gaya wa likitan kafin ya yi.

Karen su Baba, da aka kai shi, ƙazuwa aka samu, wadda tun farko da an duba da maganin wata ɗaya zuwa biyu ya raba shi da ita. A kanta kuma ga ƙurajen mugunya da ciwon mafitsara da maganin ya jawo. Bayan kwana uku Hajiyar gidan ta zo da kanta, ta ce, "Ƙanwata, ashe ƙurajen da ke hannun yarana biyu daga nan ne? Wata guda ina shafa musu mai." Da ta nuna mini man, mai haɗi ukun nan ne. Na ce, "Hajiya, a ajiye wannan, a kai su asibiti a gaya wa likita akwai kare mai ƙazuwa a gidan." An mayar da karen kan firednisolon, aka yi kusan wata biyu ana ragewa kafin a yanke. Gashi ya dawo, tumbin ya sauka, amma Baba ya ce har yanzu ƙafafun baya ba su koma kamar da ba, ba ya iya dafa katanga ya leƙa waje yadda ya saba.

A kantinmu kuma na kafa doka, duk wanda ya zo neman deksa ko firednisolon ba takarda, a kira ni ko ina ina. Tun daga lokacin na gane masu saya don kare ba su kai masu saya don kansu yawa ba, musamman 'yan mata masu neman ƙiba. Wannan shi za mu duba a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Kafin nan, wanda ke da ragowar ƙwayoyin a gida ya ɗauke su daga tagar ɗakin maigadi, ya sa su inda hannun yaro ba ya kaiwa.